Dokin da Ta Taɓa

Yatsun Auta na kan dokin kafin ta hango tarkon.

Dokar ces, darar Turawa, ba ta da sassauci: abin da ka taɓa, shi za ka motsa. In dokin nan ya gusa, sarauniyarta ta tafi, kofin gasar ma ya bi ta, domin sauran teburan ƙungiyoyin biyu sun tashi canjaras.

Dogo ne abokin karawarta, masoyin da Baba, mahaifinta kuma kocin ƙungiyarsu, ya hana shi taka ƙofar gidansu tun bara.

Ta janye hannu. Agogo na ta cin lokacinta.

"Ban gani ba, zuciyata..." ya faɗa ƙasa-ƙasa, idonsa a kan allo.

Ta runtse ido, ta motsa sarauniya.

Ba a jima ba ya kwantar da sarkinsa, alamar ya sallama.

"Alƙali!"

'Yar ƙungiyar su Dogo ce ta miƙe, wadda ta daɗe tana sonsa yana kau da kai.

"Wallahi ta taɓa doki! A gabansa! Ya sayar da mu saboda soyayya!"

Alƙalin wasa ya matso.

"Kin taɓa?"

Auta ta dubi Baba. Shekara goma sha ɗaya yana jiran kofin nan.

"Ban taɓa ba."

"Kai fa?"

Dogo ya daɗe yana kallonta.

"Yadda ta faɗa."

Abokan wasansa suka tattara jakunkuna, ko kallonsa babu wanda ya yi.

Baba ya ja ta gefe, murya a sanyaye.

"Ni ma na gani, Auta. Yaron nan ya rufa mana asiri. Ki ce ya turo magabatansa."

Da gudu ta koma. Shi kaɗai ta tarar yana kwashe 'ya'yan wasan.

"Dogo! Baba ya yarda!"

Bai ɗago ba.

"Mutum uku na ci amanarsu yau. Na zaci ke za ki ƙi karɓa, ki cece ni daga kaina."

"Ai kai ka ce ba ka gani ba..."

"Na ce. Shi ya sa ba zan iya kallon idonki ba, ke ma ba za ki iya kallon nawa ba."

Ya ajiye dokin a gabanta, ya fita.

Ta daɗe tsaye. Wannan karon ta kasa taɓa shi.