Feshin Waken Malam Labbo

"Inna, don Allah ki bar ni! Shekarata ashirin da huɗu, har yanzu sai kin haɗa mini kaya kamar ɗan firamare?"

Hanatu ta tsaya a bakin ɗakin ajiya tana kallon Bashar, ɗanta tilo. Yau zai tafi Nahuce ya yi wa Malam Labbo feshin gonar wake, irin hidimar da saurayi kan yi wa mahaifin budurwarsa kafin a sa rana. Budurwar kuwa Bara'atu ce, wadda ta so shi da rawar kansa da komai.

"Ɗan albarka, kwalaben biyu ne, maganin ƙwari da na ciyawa. Bari in ɗauko maka..."

"Na sani, Inna! Na sani!"

Ai kullum Bashar ya sani, riƙewar ce ba ya iyawa. Tun yana ƙarami, a aike shi sayen gishiri ya dawo da labarin tsuntsu. Ya sha bulala, ya sha rubutu, ya sha hayaƙi. Sai da ya shekara goma sha biyar wani likita a Gusau ya ce ba iskoki ba ne, ba kuma rashin ji ba, hankalinsa ne ba ya tsayawa kan abu guda. Tun daga nan Hanatu ke tuna masa komai, ita ke bin bayansa tana dubawa. Ta gaji, wallahi ta gaji, amma ba ta taɓa faɗa ba.

Ranar dai ta ga kunya a idonsa, sai tausayi ya kama ta. Ta matsa gefe, ya ɗauka da kansa.

Kwana huɗu waken ya ƙone ƙurmus, ashe maganin ciyawa ya fesa.

Malam Labbo da kansa ya zo gidansu a Bungudu. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Hajiya, ba don waken ba, wake ana sake shukawa. Amma gobe in ɗiyata na kwance, anka ba shi magani biyu, wanne za shi ba ta?"

Hanatu ma ta sha yi wa kanta tambayar nan.

Da yamma Bara'atu ta kira, kukanta har tsakar gida ana ji.

"Masoyina, na roƙe shi... na durƙusa... Baba ya rantse an fasa auren!"

Bashar ya ajiye wayar, ya zo ya zauna a ƙasa gaban mahaifiyarsa. Ta zaci zai ce ita ta ja masa, har ta shirya karɓar laifin.

"Inna..."

"Na'am, Basharina."

"Na karanta takardar kwalbar, wallahi na karanta. Sai wani ya yi sallama..." Hawaye suka zubo masa. "Inna, ran da babu ke, wa za shi duba mini?"

Ta jawo kansa ta ɗora a cinyarta. Ta nemi ƙarya ko guda ɗaya da za ta yi masa, ta rasa.