Kujerar Abba a Jirgin Mutuwa

"Wallahi Munir yau na kasa gane maka!" Zulfa ta tsaya cak a bakin ƙofar malahi, wato babban filin wasannin da ke bayan garin Alƙahira. "Tun a mikrobas ɗin da ta kawo mu kake maimaita magana ɗaya. Kada Abba ya hau, kada Abba ya hau... To don me?"

Munir ya gyara wuyan rigarsa mai ruwan ɗorawa, irin wadda duk magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Giwayen Gongola suka sa a ranar.

"Shekarunsa nake dubawa, habibti."

"Shekaru? Mutumin da yake zagaye unguwar Ma'adi da ƙafa kowace asuba?"

"Da yake zagayewa dai. Yaushe rabon da ki ga ya fita?"

Ta kaɗa kai. "Aiki ne ya yi masa yawa. Ka saurare ni, don Allah. Wata mai zuwa aikin Abba a ofishin jakadanci zai ƙare, mu tattara mu koma gida. Har yau bai ce ka turo magabatanka ba. Yau yana cikin farin ciki, yau ce damarmu. Ka yi masa tafi, ka yi masa kirari, khalas! Idan ka ɓata masa rai a gaban jama'arsa, ni da kai sai dai a waya..."

Muryarta ta karye. Ta juya da sauri ta bi bayan mahaifiyarta, Hajiya Lauratu.

Munir ya bi ta da kallo. Yana da amsar tambayarta, amma ba shi da ikon faɗa.

Tun da ya kammala difloma a fannin fassara, sana'arsa ita ce raka marasa lafiyan da ke zuwa daga gida wurin likitocin Masar, yana yi musu tafinta. Watannin baya Alhaji Bukar, mahaifin Zulfa, ya kira shi a ɓoye ya ce ya raka shi wurin likitan zuciya, domin ba ya son kowa a ofis ya sani. Da bakin Munir aka gaya wa dattijon cewa zuciyarsa ta yi rauni, kada ya yarda da abin da zai firgita shi ko ya girgiza shi.

A bakin asibitin Alhaji ya riƙe hannunsa ya ce, "Wannan amana ce. Ko Hajiya kada ta ji, sai mun koma gida."

Daga ranar kuwa fuskar Alhaji ta rufe masa. Da "Munir" yake ce masa, ya koma "Malam Munir".

Ga shi kuma a bara, lokacin da Giwayen Gongola ke dab da faɗuwa daga rukunin manya, Alhaji, wanda shi ne uban ƙungiyar magoya bayansu a Alƙahira, ya miƙe a taro ya yi alkawari: muddin suka tsira, zai hau jirgin nan mai gudu a kan ƙarfe, wanda ke wuntsila mutane a sama, wanda Misrawa ke kira jirgin mutuwa. Giwaye suka tsira. Yau ranar cikawa ce.

Filin ya cika da rigunan ɗorawa. Ɗaliban unguwar Madinat Nasr sun zo da ganga, 'yan kasuwar unguwar Ard al-Liwa sun zo da iyalansu, matan ofishin jakadanci sun shimfiɗa darduma sun jera kulolin dambu da zoɓo. Abel, sakataren ƙungiya, yana yawo da lasifika a hannu yana tsokanar duk wanda ya gani.

Munir ya hango Alhaji shi kaɗai a gefen rumfar mai shayi. Ya ƙarasa ya durƙusa.

"Barka da hutawa, Alhaji."

"Malam Munir. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Alhaji, ka gafarce ni... maganar likita ce."

Alhaji ya ajiye kofin a hankali. "Tafinta na ɗauke ka, ko mai gadi?"

"Tafinta, ranka ya daɗe. Amma da bakina aka faɗa maka, shi ya sa nauyin ya ƙi sauka daga kaina."

"Ni ban taɓa yin magana a gaban mutane na janye ba. So kake a ce Bukar ya tsufa ya fara cin alkawari?" Ya sunkuyo, ya rage murya. "Idan ka buɗe baki a wurin nan, kada ƙafarka ta sake taka gidana. Ka ji ni?"

"Na ji, Alhaji."

"Tamam. Shi ke nan."

Dattijon ya miƙe, ya gyara gyalen ƙungiya da ke wuyansa, ya nufi inda ganga ke kiransa.

Munir ya daɗe a durƙushe. Idan ya yi magana, ya ci amana kuma ya rasa Zulfa. Idan ya yi shiru, wataƙila gawar mahaifinta za a sauko da ita. Ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen da ya murɗe a sararin sama. Shi da ko barandar hawa na uku ba ya iya leƙawa, shi da ya gwammace ya taka matakala da ya shiga tsohon lif ɗin gidansu!

A nan wata dabara ta faɗo masa.

"Yalla, jama'a, yalla!" Abel ya kwarara ihu a lasifika. "Ga uban Giwaye nan! Yau za mu ga ko giwa na tashi sama!"

Aka bushe da dariya. Alhaji ya ɗaga hannu yana murmushi, ya doshi ƙofar shiga. Zulfa ta ɗaga wayarta tana ɗauka, fuskarta cike da alfahari. Ma'aikacin jirgin ya buɗe ƙaramar ƙofar ƙarfe.

Munir ya ratsa jama'a, ya sha gaban Alhaji, ya zube a ƙasa.

Ganga ta yi shiru.

"Munir!" Zulfa ta kira shi da muryar da ta fi kama da kuka. "Me kake yi?"

Idanun Alhaji suka kaɗa. Munir bai dube su ba. Ya miƙa hannu ya karɓi lasifikar Abel, ya yi magana dalla-dalla, kamar yadda yake yi a gaban likita.

"Jama'a, ku yi mini afuwa. Alkawari an yi shi, kuma za a cika shi. Amma a inda muka fito, babba ba ya ɗaukar kaya alhali ɗansa na tsaye. Idan uba ya yi alkawarin noma gona, ɗa ne ke shiga da fartanya, kuma ba a cewa uban ya saɓa. Abin kunya ne gare mu matasa mu tsaya muna tafi, dattijonmu yana wuntsilawa a sama, hularsa na faɗuwa. Ina roƙon Abba ya bar mini kujerarsa."

Kalmar "Abba" ta fita kafin ya tare ta.

Abel ya fizge lasifikar. "Tsaya, tsaya! Ɗa? Alhaji, yaushe aka yi suna ba a gayyace mu ba? Ina ragonmu?"

Dariya ta ɓarke. Wani daga baya ya ce, "Wannan da ke rufe ido idan jirgin metro ya hau gada?"

"A bar shi ya hau!" in ji wata mata. "Maganarsa gaskiya ce. Ni dama tun ɗazu raina bai kwanta ba."

"Doka dai ɗaya ce," Abel ya ce yana ɗaga yatsa. "Bare ba ya cika alkawarin wani. Sai Alhaji ya faɗa da bakinsa. Ɗanka ne ko ba ɗanka ba?"

Alhaji ya dubi ƙarfen, ya dubi 'yarsa da ta toshe baki da hannu, sannan ya dubi saurayin da ke durƙushe, gumi na bin wuyansa, bai faɗi ko kalma ɗaya daga sirrin ba.

A hankali ya zare gyalen daga wuyansa, ya rataya wa Munir.

"Ɗana ne," ya ce. "Ya hau."

Guɗa ta tashi, ganga ta amsa.

Abin da ya biyo baya, Munir bai iya tuna shi daki-daki. Ya san an danna masa ƙarfe a ƙirji. Ya san jirgin ya rinƙa hawa yana ƙas-ƙas-ƙas har ya hango hamada da rufin gidaje, mutane suka koma kamar ƙwayar gero. Ya fara Ayatul Kursiyyu da kyakkyawan tajwidi. Da jirgin ya sako kansa ƙasa, tajwidi ya gudu.

"Innalillahi! Wayyo Inna! Ku tsayar! Inna!"

Wani Bamisre da ke gefensa yana dariya yana bubbuga masa kafaɗa, yana ba shi haƙuri. "Ma'alish, ma'alish!"

Da aka tsaya, mutum biyu ne suka kamo shi. Takalminsa ɗaya ya tafi, amma gyalen na damƙe a hannunsa. Ɗalibai suka so ɗaga shi sama, ya roƙe su da girman Allah su bar shi a ƙasa.

Aka zaunar da shi a wani benci a inuwa. Da jama'a suka koma wurin abinci, Alhaji ya zo ya zauna a ɗaya gefen, ya miƙa masa gorar ruwa. Munir ya yunƙura zai sauka ƙasa.

"Zauna. Ƙafafun nan ba za su kai ka ba."

Munir ya riƙe gorar bai sha ba. "Alhaji, na san na tsare ka a gaban mutane. Ban ga wata hanya ba ne. Kalmar da ka faɗa, ba zan riƙe ka da ita ba. Idan ka ce kada na sake zuwa gidanka, ba zan zo ba. Ya ishe ni dai Zulfa ta koma gida da mahaifinta."

Alhaji ya daɗe yana kallon takalmin Munir guda ɗaya.

"Ka san abin da ya sa na ɗaure maka fuska? Jira nake ranar da za ka zo ka ce, ko a ba ni yarinya ko in faɗa. Na ga irin haka a rayuwa. Yau ka samu lasifika a hannunka, ga jama'a, ga iyalina... sai ka zaɓi ka je sama ka kira Inna."

Munir ya sunkuyar da kai. "An ji har nan?"

"Har Giza an ji."

Dattijon ya yi dariya har ya dafe ƙirji, sannan ya yafito matarsa da 'yarsa. Zulfa ta iso da gudu, idanunta jajur.

"Abba, ka yi haƙuri, ban san zai yi haka ba..."

"Zauna, uwata. Hajiya, ke ma zauna. Akwai maganar da na ɗora wa yaron nan, ta yi masa nauyi, kuma ba shi ya kamata ya ɗauka ba."

Ya faɗa musu komai, bai rage ba. Hajiya Lauratu ta yi salati ta kama hannun mijinta, tana faɗa tana hawaye. "Alhaji! Da wannan zuciyar za ka hau? Ashe da yau ka mayar da ni gwauruwa a ƙasar mutane!"

Zulfa ta matso. Ta durƙusa ta kifa kanta a gwiwar mahaifinta, kafaɗunta na rawa. Can ta ɗago ta dubi Munir.

"Ka sani... tun a mikrobas ka sani, ina ta yi maka faɗa."

"Amana ce, Zulfa."

"Kuma kai da ko baranda ba ka leƙawa!"

"Har yanzu ba na leƙawa. Kada ki sa rai."

Ta yi dariya cikin kuka, ta share fuska da gefen mayafinta. "Allah Ya bar mini kai, rabin raina," ta faɗa ƙasa-ƙasa, sannan ta tuna a gaban wa take, ta rufe fuska.

Alhaji ya yi gyaran murya kamar bai ji ba. "Wa ke tsaye a matsayin mahaifinka?"

"Kawuna Sada, a Azare."

"Ka ce ya kira ni kafin Juma'a. Ina so a sa rana tun muna nan, domin ragon da Abel ke nema ya samu."

Munir ya ciro gyalen da hannu biyu ya miƙa masa. "Ga amanarka, Alhaji."

Dattijon ya mayar masa da hannun.

"Ɗazu a gaban duniya ba haka ka kira ni ba."

Munir ya mayar da gyalen wuyansa.

"Na gode... Abba."