Dutsen da Moustapha Ya Tokare Taya da Shi

Ana gab da kiran magariba Moustapha direba ya shigo gida da tsohuwar a-kori-kurarsa, ya kashe ta, ya jefa makulli aljihu. Har ya sa ƙafa ƙasa sai idonsa ya faɗa kan kontar, agogon gudun mota. Allurar gudu tana hawa. Mota tsaye, inji a mace, allura kuwa tana ta sauri ita kaɗai kamar mai ɗokin zuwa wani wuri.

Shi fa Moustapha duk tashar Diffa an san bakinsa, ya sha cewa ƙarfen da zai gagare shi ba a ƙera shi ba tukuna. Ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ya ce waya ce ta kwance. Bai rufe baki ba dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Can wani ya biyo. Matarsa Balkisa ta leƙa lungu. Shiru, ko akuya babu.

Washegari motar ta fito da sabon hali. In ya nufi cikin gari, giya ta fice da kanta, inji ya yi ta kuka a banza. In ya juya hancinta kudu, wajen kogin Komadugu, sai ta miƙe lafiya lau. Zaharaddini makanike ya canza wayar kontar, ya sauke buwat, wato akwatin giya, ya duba haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya, sannan ya goge hannu ya ce, "Maigida, ƙarfe lafiyarsa lau. Abin da ke cikin nan ba aikin sufana ba ne."

Gida ya zama kurkuku. Maƙwabta suka ɗauke ƙafa. Balkisa in ta ɗora tukunya sai ta kife. Sannan abin ya faɗa kan 'yarsu Hasna: ta daina ci, ta daina magana, ta tare a gindin tayar baya, mutum uku ba sa iya ɗaga ta. Kullum sai ƙara ramewa take, uban yana kallo.

Ran nan bayan la'asar aka zo da malami, Goni Abbakar. Ya shimfiɗa buzu, ya yi ta karatu a hankali har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Sai Hasna ta ɗago kai, muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Malam, ka daina ƙona ni. Ɓarawon ka tambaya."

"Me ya satar miki?"

"Dutsen murhuna. Tukunya na zama a kan biyu? 'Ya'yana ba su ci ba, tasa ma ba za ta ci ba."

Nan Moustapha ya gane inda aka dosa. Ya tuna ran da ya je lodin tattasai a wani ƙauyen bakin kogi da mutanensa suka watse. Birkin hannu ya daɗe da mutuwa, wurin kuma gangare ne, sai ya shiga wani kango ya ciro dutse baƙi ya tokare taya, ko bisimilla babu. Da ya ga ya yi masa daidai, ya taho da shi. Shi ne yanzu Hasna ta rungume.

"Za a mayar miki," in ji Goni.

"Da yarinyar. Ta riƙa yi mini girki."

"Yarinya ba ta ɗauki kome ba. Wanda ya ɗauka shi zai kai."

Sai tsohuwar ta ce:

"To, a ka zai ɗauko, da ƙafa. Na gaji da warin man motarsa. Dutse na taɓa toka, na sake ta."

Haka direban Diffa ya ratsa gari da gammo, dutse a ka, 'yan tasha na kallo, ba wanda ya yi dariya. Ya wuce gonakin tattasai, ya isa kangon rana na faɗuwa, wuyansa kamar zai karye. Ya yi sallama. Zai durƙusa ke nan sai ya ji an kama kayan ta gaba, an taya shi saukewa a hankali, yadda ake yi wa baƙo.

Bai waiwaya ba har gida. A zaure ya tarar da Hasna da kwano a cinya, baki cike da tuwo.

"Baba," ta ce, "an ce a gaya maka ka gyara birkinka."