Gashin Yesol da Akwatin Gidan Ango

Bokrye mai shagon gyaran gashi a bayan kasuwar kifi, nan Mokpo, ita ta fara ba ni labarin nan. Shekara talatin tana taɓa kaina ban taɓa kama ta da ƙarya ba, sai dai ƙarin gishiri. Na rage gishirin, ga abin da ya saura.

Saura kwana tara gidan ango su aiko da ham, akwatin kayan amarya, Yesol tana zaune a ƙasa gaban madubi, uwarta na tsaye a kanta tana buɗa gashin da tsinin mataji.

"Daina motsi mana!"

"Omma, da zafi fa."

Uwar ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga wurin. Tabo uku a tsakiyar kai, jajaye, kowanne kamar faɗin kwabo, gashi bai gama tsirowa a kansu ba. Ta ajiye matajin a hankali.

Yesol malamar ƙananan yara ce, shekararta ashirin da bakwai. Gashin kakarta ta wajen uba ta gado, mai cika, mai kauri, a murɗe tun daga tushe. Tun tana shekara goma sha uku uwarta ke jan hannunta duk wata huɗu a je a shafa mata man miƙarwa a bi da ƙarfe mai zafi, don kada a yi mata dariya a makaranta. Bara man ya cinye mata fatar kai. Likita ya ce mata ƙarara: in aka ƙara ko sau ɗaya, wuraren nan sanƙo za su zama, har abada. Wata goma ke nan ba ta shafa ba. Sai ta riƙa tamke gashin a ƙeya, ta ɗora hula.

Haka ta je cin abincin gabatar da iyaye, a tamke. Amma damina ce, kun san iskar garin nan. Kafin a kawo miya gashin ya sha laima, ya kumbura, ya tsinke robar, ya tashi tsaye a gaban surukai.

Maman Wonjae, uwar angon, ta ajiye cokali.

"Wannan gashin, yi aka yi, ko haka aka haife ta?"

Ta ce a danginsu ba a taɓa auro mai murɗaɗɗen gashi ba, domin manya sun ce masu irinsa taurin kai gare su, ba sa jin magana, ba sa zaman lafiya da surukai. Ni ma na ji ana faɗin haka tun ina yarinya. Shirme ne, amma shirmen da ya tsufa yana da wuyar kashewa.

Yanzu ga shi waya ta yi ƙara a kan tabarma. Yesol ta ga sunan surukarta, wadda take kira Omonim don girmamawa, ta gyara zama kamar matar na gabanta.

"Omonim, ina kwana?"

"Lafiya. Na sayo miki ƙarfen miƙe gashi, mai tsada, na sa a cikin akwati. Kafin nan ki je a shafa miki man nan. Ranar biki ina so in ga gashi kwance kamar na 'ya'yan mutane. In ba haka ba, kujerata za ta zauna ba kowa. Kin ji ni?"

"Na ji, Omonim."

Ƙit, aka kashe.

Uwarta ta zauna kusa da ita, ta kama hannunta. "Sau ɗaya ne, Yesol. Ƙila likitan tsoratarwa ce kawai ya yi. Biki ba uwar ango? Da wane ido zan kalli mutane?"

"To ni da wane kai zan kalle su?"

"Kin gani ko? Kin gani! Taurin kan da ake faɗa ke nan!"

Hawaye suka sauko wa Yesol, ta share da bayan hannu.

Da yamma ta sami Wonjae a bakin tashar jirgin ruwa, inda yake aikin gyaran inji. Yaro ne mai kirki, shiru-shiru, ɗa ɗaya tilo a wurin uwar da ta raine shi ita kaɗai da sana'ar ɓare kawa. Ya san gashin Yesol a murɗe yake, har yakan ja sili ɗaya ya saki yana dariya. Tabon ne bai sani ba, don ta ɓoye masa.

"Haba Yesol," ya ce yana goge baƙin mai a hannunsa. "Kin san halin tsohuwar nan. Ki yi mata sau ɗaya, a wuce wurin. Bayan biki ki bar shi ya kai rufin ɗaki in kin so."

"Sau ɗaya, Oppa?" Haka take kiransa.

"Ɗaya tak. Filis."

Ta cire hular, ta kwance robar, ta sunkuyar da kai, ta buɗa masa gashin da yatsunta. Ta faɗa masa abin da likita ya ce, kalma bayan kalma.

Wonjae ya tsaya kamar an dasa shi. Ta jira ya ce wani abu, ko ya yi fushi, ko ya rungume ta. Bai yi ko ɗaya ba. Can ya ce, "Bari in je, ana jira na a inji," ya juya ya tafi.

Kwana ɗaya, biyu, uku. In ta aika saƙo sai ya ce yana aiki. In ta kira, sai ya ce zai kira. A rana ta huɗu ta ce a ranta: ya zaɓi uwarsa, kuma wa zai ga laifinsa? Ta ɗauki jaka ta nufi shagon Bokrye.

"Inna, a shafa min."

Bokrye ta buɗa kan, ta duba, ta cire safar hannunta ta jefar a kwando.

"Hannuna ba zai taɓa kan nan da mai ba."

"Inna, aurena ne fa zai mutu!"

"Gara ya mutu da in kashe miki kai! Wace ce surukar? Maman Wonjae mai kawa? Kai, duniya! Duk wata uku tana zaune a kujerar nan ina naɗa mata rola, tana cewa in matse sosai don ya daɗe. Ita ta biya a murɗe mata, ke da aka ba ki kyauta kin zama mai laifi? Ga shaguna can a titi, za su shafa miki su karɓi kuɗinki. Ni dai a'a. Amma zauna in yanke miki matattun bakin gashin nan."

Ta yanke duk tsohon gashin da mai ya kashe, ya rage sabon, iya wuya. Yesol ta fito, ta tsaya a ƙofar wani babban shago har kusan rabin awa, hannunta a kan marfin. Ba ta shiga ba. Ta koma gida.

Washegari ta wanke kai ta ɗauko tsohuwar handirayar gidansu, irin mai hura iska kamar guguwa. Zafin ya taɓa tabon ta yi ƙara, gashin kuma ya wargaje ya zama kamar an yayyage audugar katifa. Ta zauna a ƙasan banɗaki ta yi kuka mai isarta. Duk da haka kowace safiya sai ta kira surukar ta gaishe ta. Matar ta ce, "Kin je?" Ita kuma ta ce, "Ban je ba, Omonim, ki yi haƙuri." Ba ta yi mata ƙarya ba, ba ta kuma ɗaga mata murya ba, ko sau ɗaya.

Ranar akwati ta zo. An share gida, an shimfiɗa tabarma, an ɗora tukunyar wainar shinkafa mai jan wake a kan ƙaramin tebur, inda za a sauke kayan. Gwaggonni sun cika falo. Yesol na cikin ɗaki da kayan gargajiya, gashin a tamke, tana leƙe ta tsagar ƙofa. Rana ta faɗi, shiru. Waina ta huce.

"Anya za su zo?" in ji wata gwaggo, da muryar da ta ɗauka raɗa ce.

Sai aka ji ƙararrawa.

Wonjae ne, shi kaɗai, ba abokai, akwatin a goye a bayansa da farin ƙyalle. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya sauke a kan tukunyar, ya durƙusa ya yi gaisuwa har goshinsa ya taɓa ƙasa. Bai dubi ƙofar ɗakin ba. Yesol ta ce a ranta ƙarfen nan yana ciki, kuma za a ciro shi a gaban kowa.

Uwarta ta ɗaga murfin kaɗan, ta kawar da kai, ta zura hannu yadda aka saba, don a ga yadin da za ta fara kamawa: in ja ne a ce jikan fari mace, in shuɗi a ce namiji. Ta laluba. Ta yamutsa fuska. Ta ƙara lalubawa, ta jawo.

Wani baƙin kwano ne, faɗinsa kamar na miya, cike da 'yan ramuka, da dogayen yatsu a tsaitsaye a cikinsa.

"Wannan kuma mace ce ko namiji?" in ji gwaggon nan.

Ba wanda ya yi dariya.

"Difiyuza sunansa," in ji Wonjae. "A bakin handiraya ake maƙala shi. Tana ciki ita ma." Sai ya ɗaga murya yadda za a ji a ɗaki. "Yesol, shago biyar na shiga, har Gwangju na je. Duk wadda aka nuna min sai na kunna ta a bayan hannuna na ƙirga ashirin. Wadda ta ƙona ni na ajiye. Wannan zafinta hawa uku ne, iskarta hawa biyu, kuma kowanne da maɓallinsa daban, ga na sanyi. Ƙananan kwanuka na gani da yawa, amma wata mai irin gashinki a shagon ta ce min mai cika sai kwano mai zurfi da dogayen yatsu, su kai har tushe. Ta ce ki bar mata zafi a ƙasa, iska a ƙasa, ki zuba gashin a ciki ki ɗaga, kada ki yamutsa. Ba ta da nauyi, na riƙe ta a sama minti goma, hannuna bai gaji ba... Ni inji na sani, ban iya magana ba. Ranar nan kunya ce ta kore ni. Na ce ki ƙona kanki don in huta da faɗan uwata."

Yesol ta turo ƙofar, ko da yake amarya ba ta fitowa a lokacin. Ba gwaggon da ta hana ta.

"Ƙarfen fa?"

"Na cire shi a gabanta."

"Me ta ce?"

"Me ba ta ce ba! Ta ce kin mallake ni tun ba a je ko'ina ba. Ta ce ta ɓare kawa shekara ashirin don ta raini maƙiyinta. Kwana uku ba ta sa min abinci ba. Na ce mata ba zan fasa aurenki ba, ba kuma zan daina zama ɗanta ba, ta yi yadda ta ga dama da ni. Na faɗa mata maganar likita. Ta ce da gaskiya ce, me ya hana ki faɗa mata ki kare kanki? Na ce kina gudun a ce kin kawo hujja ki kunyata babba."

"Za ta zo bikin?"

Wonjae ya sunkuyar da kai. "Ba ta ce e ba. Amma ban iya naɗa ƙyallen goyon nan ba, na yi ta fama tun azahar, shi ya sa na makara. Tana kallona. Daga baya ta ce, 'Matsa, sakarai,' ta naɗa da hannunta."

Uwar Yesol tana nan riƙe da kwanon. Ta dube shi, ta dubi 'yarta, sai ta fashe da kuka. "Shekara goma sha huɗu ina kai ki a ƙona ki, ban taɓa tambayar ko akwai wata hanya ba. Yafe min, 'yata."

To, ku 'yan mata, ku saurare ni. Haƙuri ba shi ne ki miƙa kanki a cuce ki don a ce kina da ladabi ba. Ki tsaya a kan gaskiyarki, bakinki da taushi, ki jira. Ku kuma samari, wadda kuka ce kuna so, ku so ta yadda aka halicce ta, ku tsaya mata a gidanku ba tare da kun wulaƙanta wadda ta haife ku ba. Ana iya haɗa biyun, wahala ce kawai.

Da gari ya waye Yesol ta wanke kanta, ta matse ruwan da tsohuwar riga mai laushi. Ta maƙala kwanon, ta sa zafi a ƙasa, iska a ƙasa, ta karkata kai ta zuba gashin a ciki. Rabin awa ta yi, ba inda ya yi mata zafi. Da ta ɗago, gashin ya sauko zobe-zobe, baƙi wuluk, yana sheƙi. Ta bar hular a kan ƙusa, ta hau bas, ta je ta danna ƙararrawar gidan surukarta.

Matar ta buɗe, ta daɗe tana kallonta.

"Sunkuyo."

Yesol ta sunkuya. Yatsu masu kaushi suka buɗa gashin a hankali, suka tsaya a kan tabon. Ta ji matar ta ja numfashi.

"Ranar biki kada ki bari su cusa miki fil a nan wurin," in ji ta. "Ni zan tsaya a kansu. Shigo, shinkafa na hucewa."