Zinaren Ƙarƙashin Ginshiƙi

Hannuwan Halijah sun riga sun tsattsage, amma ba ta ajiye tsumman ba. Tun da hantsi take durƙushe a ƙarƙashin gidansu na katako, tana tsoma tsumma a gwangwanin baƙin man injin da wani bakanike ya ba ta sadaka, tana shafe ginshiƙan da ke ɗauke da gidan don kada gara ta kunyata ta a gaban mai saye. Kuɗin fenti? Ina ta gan su! 'Yan kunnen da marigayi mahaifinta ya bar mata ta sayar ta sayi kwanon rufi da ƙusoshi, daɓen kuwa da ɓawon kwakwa da toka ta goge shi har ya yi sheƙi. Allah sarki marainiya! Mahaifiyarta, Inna Esah, tana kwance a asibiti can birnin Kota Bharu, likita ya ce in ba a yi mata aikin zuciya cikin watan nan ba, to sai dai addu'a... kuma ba su da abin ɗagawa a duniya sai wannan gida.

Baffa Deraman, ƙanen mahaifinta, bai taɓa miƙo mata ko ƙusa ɗaya ba. Kullum sai ya zo ya tsaya a inuwar kwakwa yana sakace, yana cewa, "Ke 'yar nan, kina wahalar da kanki a banza. Wa zai sayi wannan akurkin? Ki bar mini shi in ba ki ɗan abin da ya sawwaƙa." Abin da ya sawwaƙan nan kuwa ko kuɗin gadon asibiti bai kai ba. Takan sunkuyar da kai ta ce, "A yi haƙuri Baffa, Alhaji Mokhtar mai son sayen gidan ya ce zai zo ya duba ranar Juma'a."

Ranar Juma'ar da safe ta zo buɗe ƙofa, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Da ƙyar ta banke ta, ta sauko matakala. Innalillahi! Gidan ya karkace gefe guda. An haƙe ƙasar da ke ƙarƙashin dutsen da uwar ginshiƙi ke zaune a kai, wato ginshiƙin tsakiya wanda ake fara kafawa, inda masu gini ke ajiye tsabar kuɗi a ƙarƙashinsa don albarka. Kowa a ƙauyen ya san zancen cewa kakanta zinare ya sa a wurin.

Ba ta gama salati ba sai ga Baffa da maƙwabta a bayansa, ga kuma motar Alhaji Mokhtar tana tsayawa.

"Jama'a ku zo ku gani!" in ji Baffa, yana tafa hannu. "Dama na ce zaman da take yi a ƙarƙashin gidan nan ba na Allah ba ne. Shafa mai, shafa mai... ashe zinaren ubana take haƙa! Ɓarauniya, fito da shi!"

"Wallahi Baffa ban taɓa ba! Ni da nake neman gidan ya tsaya, ni zan kayar da shi?"

"Rufe mini baki! Dubi farcenki, duk ƙasa."

Wata tsohuwa ta taɓe baki ta ce, "Oh ni, yaran yanzu! Uwa na kwance, 'ya na tonon gado." Wannan maganar ita ta fi yi wa Halijah ciwo, har ta durƙushe a wurin, hawaye na wanke baƙin man da ke kumatunta. Alhaji Mokhtar ya zagaya gidan sau ɗaya, ya dubi karkacewar, ya girgiza kai. "Yarinya, ba na sayen gida mai rigima, balle wanda ya fara kwanciya. Bari in yi salla in kama hanya."

Da lokacin salla ya yi, maza suka tafi masallaci, mata suka watse suna ƙus-ƙus. Halijah ta hau sama ta shimfiɗa sallaya a kan daɓen da ya karkace, ta ɗaga tsagaggun hannuwan nan. "Ya Allah, ba ni da uba, ba ni da mai tsaya mini... Kai ka ga abin da ban yi ba. Kar ka bar Innata ta mutu saboda ƙaryar da aka yi mini!"

Tana cikin kuka sai ta ji gidan ya yi ƙara, ya nutsa da ita, sannan wani ihu ya taso daga ƙarƙashin ƙafafunta. Ta sauko a guje. Baffa Deraman ne kwance rub da ciki, fartanya a gefensa, uwar ginshiƙi ta zame daga dutse ta danne masa hannu har gwiwa! Ashe bai kai ga abin da yake nema a haƙan farko ba, shi ne ya bar sallar Juma'a ya dawo ƙarasawa. Ran mai kwaɗayi dai ba ya jin kiran salla.

"Halijah... 'yata... ki taimake ni, zan mutu!"

Ni da nake ba ku labarin nan, da ni ce, da sai na tsaya na ɗan kalle shi tukuna. Ita kuwa ko mayafi ba ta gyara ba, ta zura da gudu ba takalmi har masallaci, ta iske an sallame, ta faɗi a bakin ƙofa tana ihu, "Ku ceci Baffana! Gida ya danne shi!"

Maza suka kwaso gorori masu kauri, suka zura a ƙarƙashin gidan yadda aka saba a ƙauyen in za a ɗauke gida a sauya masa wuri, har da Alhaji Mokhtar da ya tuɓe hula ya sa kafaɗa. Liman ya yi kabbara, suka ɗaga gaba ɗaya. Aka janyo Baffa, hannu ya dagargaje, amma yatsun suna dunƙule. Liman ya buɗe su a gaban kowa. Wani tsohon kwabon tagulla ne, ya yi kore, ko kofin shayi ba zai saya ba.

Tsohuwar nan ta fashe da kuka, ta kama ƙafar Halijah. "Ki yafe mini 'yar nan, bakina ya cuce ni!" Baffa kuwa ya kasa ɗaga ido, kuma hannun nan bai ƙara moruwa ba har ya koma ga Allah.

Tun da gidan na kafaɗunsu, mazan ba su sauke shi ba sai da aka cike ramin, aka daidaita dutsen, ya zauna cak. Alhaji Mokhtar ya share gumi, ya ƙwanƙwasa ginshiƙin. "Gidan da ya faɗi, aka ɗaga shi, ko katako ɗaya bai tsage ba? Na saya yadda kika faɗa, ba ragi. Shiga mota mu tafi wurin mahaifiyarki."

Bayan an yi aikin, da Inna Esah ta farfaɗo, abin da ta fara lalubowa hannun 'yarta ne. Ta shafa tsagar, ta shafa baƙin da ya ƙi fita, hawaye na gangara mata har kunne.

"Gidan ya tafi ko, Halijah?"

"Ya tafi, Inna."

"To ina za mu kwana?"

Halijah ta kwantar da kanta a hankali kusa da ƙirjin da aka ɗinke, ta saurari bugun da ke ciki, ta ce, "Ko ina ne, Inna... tunda da ke za mu kwana."