Saƙon da Najib Ya Goge

Zuwairatu na zaune a tsakar gidansu a Batsari tana tsince wake, wani tsohon littafin rabon gado a buɗe kan cinyarta, sai Inna ta leƙo daga madafa.

"Ke, zaɓi guda—ko waken ko littafin. Jiya tsakuwa na tauna har kunnena ya yi ƙara!"

"Yi haƙuri Inna. In na zama lauya, tsakuwar ma ƙararta zan kai."

Inna ta yi dariya, amma ta san maganar lauyan nan ba wasa ba ce. Zuwairatu na da shekara goma sha biyu mahaifinta ya rasu, 'yan'uwansa suka kawo wata takarda suka ce ta rabon gado ce, Inna ta dangwala yatsa ba ta san abin da ke ciki ba. Da haka gonarsu ta ƙauyen Darini ta tafi. Zuwairatu ce ta wanke mata tawadar a yatsa, kuma tun ranar ta ƙulla abin a ranta. Shi ya sa da ta zo cike fom ɗin jami'a ta zaɓi digirin da ya haɗa dokar ƙasa da Shari'ar Musulunci, don kada wata kotu ta ce mata nan ba fagenta ba ne.

Najib ne ya raka ta rajistar. Malamin firamare ne ɗan Safana da aka turo Batsari, kuma manya sun riga sun shiga maganar aurensu. Da yake ba ta da waya, lambarsa aka sa. Wa zai kawo wani abu a ransa? Mijin da za ta aura ne fa.

Ta ci jarrabawa da maki mai kyau. Sai shekarar ta juya: saboda 'yan bindiga aka rufe kasuwannin mako, aka datse sabis ɗin waya a yankin gaba ɗaya. Mai son jin labarin duniya sai ya shiga mota zuwa Katsina.

A irin wannan tafiya, wayar Najib na kama sabis saƙo ya shigo: an ba Zuwairatu gurbin karatun lauya, ta shiga shafinta ta danna amincewa kafin wa'adi ya cika. Murna ta ishe shi har ya rasa wanda zai fara gaya wa. Maimakon ya wuce Batsari, sai ya biya Safana wajen mahaifiyarsa, Hajiya Nana Hadiza. Nan ya yi kuskuren farko.

"Lauya?" Hajiya ta ajiye carbinta. "Mace ta sa baƙar riga tana ɗaga wa maza murya gaban alƙali? A gidan ga?"

"Hajiya, har da Shari'ar Musulunci fa za ta karanta—"

"Ko mi za ta karanta! Shekara biyar, a ƙara da ta makarantar lauyoyi, kana zaune kana jira? Ran da kuka saɓa kotu za ta maka ka. In yarinyar ga ta tafi kuma ka aure ta, ban yafe maka nonona ba!"

Najib mutumin kirki ne, sai dai irin kirkin da ba ya iya tsayawa da ƙafarsa. Bai iya ja da mahaifiyarsa ba, bai kuma iya rabuwa da Zuwairatu ba, sai ya zaɓi hanyar matsorata. A cikin motar komawa ya goge saƙon, yana gaya wa kansa ai in an yi aure zai lallaɓa Hajiya baɗi.

"Yaya Najib, an ce wani abu?" Zuwairatu ta tare shi a zaure, ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Shiru tukuna. Ki ƙara haƙuri."

Sau huɗu tana tambaya, sau huɗu yana ba ta amsar nan, har ta fara zargin kanta. Ta rame, ta daina taɓa littafin gadon.

Bayan an dawo da sabis, Inna ta matsa mata ta je Katsina ta sake sayen fom. Matar da ke aiki a kafe, shagon intanet da ake cike fom, ta buɗe shafinta, ta dube ta da mamaki.

"Baiwar Allah, ai an ba ki admishan! Lauya ma kuwa. Ba ki karɓa ba har ya wuce. Ba a turo saƙo a lambar nan ba?"

Zuwairatu ta dubi lambar da ta haddace kamar sunanta. Ta zauna kan benci ta yi kuka mai cin rai.

Da yamma ta miƙa wa Najib takardar da aka buga mata. Bai yi musu ba, ya durƙusa yana hawaye.

"Wallahi son ki ne ya sa, Zuwaira. Tsoron rasa ki nake."

"Yaya Najib, waɗanda suka ƙwace gonarmu sun bar Inna ta dangwala da hannunta. Kai ko wannan ba ka bar ni na yi ba."

Washegari kawunta ya mayar da kayan gaisuwa Safana. Zuwairatu ta yi ciwo, ta tashi, ta sake zama jarrabawa da lambar wayarta, ta sake samun gurbin. Shekara guda dai ta tafi, ba mai dawo mata da ita.

Tana aji uku ta zo hutu, sai ga sallama. Hajiya Nana Hadiza ce, ba ta daɗe da fita takabar mijinta ba, Najib a bayanta kansa a ƙasa. Ta zaro takarda daga jaka.

"'Yata, ƙannen Alhaji suka ce in dangwala. Najib ya karanta, ya ce Turancin kotu ne. Kunya ta hana ni zuwa, tsoro ya kawo ni."

Zuwairatu ta karanta a nitse har ƙarshe.

"Mama, kada ki sa hannu. Tumunin takabarki da rabon 'ya'yanki mata ake so ki sallama. Ni ɗaliba ce tukuna, amma gobe zan kai ki wajen malamata, lauya ce, ba za ta karɓi komai ba."

Hajiya ta rufe fuska da mayafi. A zaure Najib ya tsaya.

"Zuwaira, ko akwai sauran—"

"Na yafe maka tuntuni, Yaya Najib. Amma babu."

Ya juya ya bi mahaifiyarsa. Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma ba da cin amanar wani ake yin ta ba. Da Najib ya faɗi gaskiya ran nan, wataƙila su ukun sun sami mafita. Ya ɓoye don kada ya rasa ta, kuma abin da ya raba shi da ita ke nan.