Kwalbar Cebe Daga Babura

"Wa ya ba ka wannan?"

Shahida ta riƙe kwalbar da yatsu biyu kamar wadda aka miƙa wa mataccen ɓera. Tun kafin ta buɗe murfin, ƙamshin man shanu da humra ya cika soron gidansu, ƙamshin da kowa zai ji ya san hannun mace ne ya haɗa shi.

Nuruddeen, bawan Allah, sai murmushi yake yi, shi a dole ya zo wa amaryarsa da tsaraba.

"Gwaggo Mas'uda ce ta ce in kawo miki. Cebe ne, na gyaran gashi. Fanna ce ta haɗa da kanta."

"Fanna..."

"'Yar maƙwabtansu ɗin nan ta Babura. Gwaggo ta ce duk garin babu mai gashinta, wai har gadon baya."

Namiji ke nan! Malamin gona ne a Roni, daga nesa yake gane gyaɗar da ciwo ya kama, amma ga fuskar budurwarsa ta sauya a gabansa bai gani ba. Har da ƙarawa da cewa shi ƙamshin ya yi masa daɗi.

Shahida ta san Fanna, ko da ba su taɓa haɗuwa ba. Ita ce wadda Gwaggo Mas'uda, ƙanwar mahaifinsa, ta so ya aura, ya ƙi. Gwaggon kuwa ba ta huce ba. Ranar da suka kawo kayan sa rana nan Kazaure, sai da ta san yadda ta yi ta leƙa ɗaki ta tarar da Shahida babu ɗankwali. Ba ta ce komai ba sai a mota, inda ta tambayi 'yan rakiya ko gemun masara ɗansu zai aura. Magana kuwa ba ta kwana a hanya, washegari ta iso kunnen mai ita.

Abin da ya fi ciwo shi ne akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Gashin Shahida siriri ne, mai laushi, kwantacce. In an yi mata kitso ranar Juma'a, kafin Litinin ya fara zamewa. Masu kitso sun sha yi mata tsiya cewa kanta ba ya riƙe amana.

Ta yi masa sallama a daƙile ta shige gida, zuciyarta tana tafasa. Yaushe ya fara zuwa Babura? Me ya kai shi sanin tsawon gashin wata? Ta so ta jefa kwalbar a kwata, har ta ɗaga hannu, sai wayarta ta yi ƙara da baƙuwar lamba.

Fanna ce, da murya kamar zuma. Ta yi mata murnar biki, ta ce ta riƙa laftawa da yawa, kada ta wanke, kuma a ja mata kitson ya yi tamau don man ya shiga. Sai da za ta kashe ta saki maganar da ta kira dominta.

"Kin san Yaya Nuru da son gashi..."

Ta sani? Ita da za ta aure shi nan da wata uku ba ta sani ba, sai wata can a Babura!

Kishi kumallon mata, in ya motsa hankali gefe yake komawa. A yammacin nan Shahida ta tsefe kanta ta lafta cebe tun daga tushe, washegari ta sa aka ja mata ƙananan kitso har idanunta suka ɗage. Ta rantse sai ta nuna wa Gwaggo Mas'uda da 'yar gaban goshinta cewa ba a Babura kaɗai ake gashi ba. Kullum sai ta ƙara wani man a kan na jiya. Kai ya yi nauyi, ya yi ƙaiƙayi, ta daure. In Nuruddeen ya zo zance, ko hanyar Babura ya ambata sai ta tsuke fuska, shi kuma ya yi ta tambayar ko zazzaɓi take yi.

Ranar da ta cika sati uku ta zauna tsifa. Mataji na farko ya fito da curin gashi. Na biyu ya fi na farko. Da ta ɗauki madubi, gaban kanta ya kwashe fayau, kamar an bi shi da aska.

Garin neman gira an rasa ido.

Ta yi kuka har muryarta ta dashe. Ta tuna ranar buɗar kai, dangin ango sun cika ɗaki, Gwaggo Mas'uda a sahun gaba, wataƙila har da Fanna cikin 'yan kallo. Ta tuna shi kansa, ranar da zai fara ganin kanta babu rufi. Sai ta rubuta masa saƙo layi ɗaya, cewa ya je Babura ya auri mai gashin, ita ta haƙura. Ta kashe waya, ta roƙi Ummanta ta bar ta ta je Roni wurin kakarta.

Kaka Zaituna ta zare ɗankwalin, ta duba kan, ta shinshina kwalbar, sannan ta yi dariyar da ta ƙara ƙular da jikar.

"Man ba shi da laifi, ke ce sakarai. Wannan na masu gashi mai kauri ne, kuma su ma a jela suke shafawa, ba a tushe ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kin taɓa ganin an shuka gero a fadama ya yi?"

"Kaka, da gangan suka yi min..."

"Su suka aiko, ke kika shafa."

Ba ta ƙara ba, ta miƙe ta jiƙa karkashi. Da yauƙinsa ta wanke kan sau uku, a hankali, har danƙon ya fita. Ta dafa hulba da kanumfari ta tace, ta ce wannan ruwan za a riƙa yayyafawa safe da yamma. Duk sati biyu a yi ɗaurayar lalle tsararo, shi ke ba siririn gashi jiki. Man kaɗanya kuwa ɗan lakuce a tafin hannu, a jela kawai. Ta kama mata manyan kalaba guda shida sakwa-sakwa, ta ce duk mai kitson da ta ƙara ja mata kai ta turo ta Roni su gana.

Kwana huɗu Nuruddeen yana zarya a Kazaure kafin Umma ta tausaya ta faɗa masa inda take. Ashe gidan Kakar bayan wurin aikinsa yake. Ya iso da la'asar, takalmansa duk taɓon gona, idanunsa sun faɗa. Shahida ta ce ba za ta fita ba. Kaka ta ce in ba ta so, ita tana so, dama ta daɗe ba ta ga saurayi mai albashi ba. Ai kuwa sai ga Shahida a soro, ta ja mayafi har gira.

"Me na yi miki, Shahidata?"

"Ka fi ni sani. Mai gashi har gadon baya tana jiran ka."

"Wallahi ban taɓa ganin gashin Fanna ba. Fuskarta ma sau biyu na gani, a gidan Gwaggo. Abin da aka ce in faɗa na faɗa, ashe wuta aka ba ni na ɗauko."

"Ita ta ce kana son gashi!"

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Da ya ɗago, kunya ce fal a fuskarsa.

"Ina so... amma na mutum ɗaya. Akwai wasu sirara guda uku ko huɗu da suke zamewa daga ɗankwalinki, nan gefen goshi. Kina magana kina tura su ciki, suna dawowa. Ranar da na fara ganin ki a bikin abokina Jalaluddeen, su na bi da kallo har na manta da abincin da ke gabana. Sati uku ke nan ina zuwa zance ina neman su ban gan su ba, na kasa tambaya."

Shahida ta kai hannu gefen goshinta. Waɗannan 'yan gashin da ta tsana, da take zagi kullum a gaban madubi, su ne? Kuma su ta bi da man wata ta karya da hannunta?

"Sun tafi," ta ce, hawaye na zuba. "Gaban kaina duk ya kwashe, Yaya Nuru. Ba za ka so ka gani ba."

"Ni manomi ne, hasken idona. In tushe yana nan, ban taɓa fid da rai da gona ba."

Daga cikin gida Kaka ta ɗaga murya ta ce tushe yana nan, sai dai mai gonar ce ba ta da hankali.

A satin ya je Babura ya mayar wa Gwaggo Mas'uda kwalbarta, ya durƙusa har ƙasa ya yi godiya, ya ce a ba mai ita, gidansa ba a bukata. Gwaggo ta yi ta faɗa, har ta ce ba za ta zo bikin ba. Ta zo, ita ce ma a sahun gaba.

Ranar kai amarya, Khairiyya mai kitso ta gama manyan zanen da Kaka ta tsaya a kanta ta yi, aka kafa ɗauri. Gashin bai kai gadon baya ba, ko kafaɗa bai kai ba, amma ya yi jiki, gaban kan ya rufe da sabon tsiro. Wasu 'yan gajeru suka leƙo ta gefen goshi. Khairiyya ta yi tsaki, ta lakuto man gashi za ta danne su ciki.

Shahida ta riƙe mata hannu.

"Bar su. Akwai mai jiran su."